Gwangwanin da ke rataye a ƙofar gidajen ƙauyen Jawa

Tun ranar da na ɗora hotunan nan na gonakin shinkafa na tsibirin Jawa a Indonesiya da dutsen Merapi mai aman wuta a bayansu saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan tambayar kowa ɗaya ce, nawa ake sayar da fili a can, akwai tsaro kuwa, mutum zai iya saye ya gina ɗan gida ya huta da fargaba? Na amsa wa mutum huɗu ko biyar sai na ga gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta, don wallahi abin da kuka hango a hoton nan ba a saye shi da kuɗi, ni da na zauna shekara biyu a cikinsa na san da me ake biyansa.

Inda na zauna wani ɗan ƙauye ne a yankin Sleman, arewa da birnin Yogyakarta a ƙasar Indonesiya, hanyar da ke hawa gindin Merapi. Haya na kama a gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Mbah, wato kaka, ita kuma tana ce min Mas kamar yadda ake kiran duk wani saurayi a can. Gidan ba katanga, ba get, ba waya mai ƙaya, shingen shuka ne kawai da bai wuce ƙugu ba, bayan gida kuma ayaba ce da rogo da kwakwa da kaji, sai lambun salak, wani ɗan itace mai ɓawo kamar fatar maciji wanda Sleman ta yi suna da shi. Ranar da na sauka ko jakata ban gama kwancewa ba ta ce in ɗauko fasfo mu je wajen Pak RT. Shi ne kamar mai unguwa, amma unguwar tasa ƙarama ce ƙwarai, gidaje 'yan gomomi ne, kuma a bakin hanyar shiga unguwa za ka ga allo an rubuta cewa duk baƙon da zai wuce awa 24 dole a kai rahotonsa. Tsarin RT ɗin nan Japanawa ne suka kawo shi a 1944 lokacin da suke mamaye da ƙasar don su riƙa sa ido a kan mutane, suka tafi, mutanen suka riƙe abin suka mai da shi nasu. Mutumin ya rubuta sunana a wani littafi, ya tambaye ni sallah nake yi, na ce eh, ya nuna min masallaci, sannan ya gaya min daren da zan riƙa fita ronda.

Toh ronda ɗin nan ita ce zancen. Sintirin dare ne, kowane magidanci yana da darensa a sati, ba albashi ba kaki ba bindiga. A bakin mararraba akwai 'yar rumfa da aka ɗaga da ƙafafu, an shimfiɗa tabarma, an manna takardar sunaye a bango, Litinin su wane Talata su wane. Wajen ƙarfe goma sai a fara taruwa kowa ya yafa zanen sarung ɗinsa a kafaɗa saboda sanyin dutse, gidan da juyi ya zo kansa ya aiko da butar shayi mai zaƙi da dafaffiyar gyaɗa ko soyayyen rogo, a yi ta hira ana karta. Can tsakar dare sai a kasu biyu a ɗau tocila a fara zagaye. A jikin ƙofar kowane gida akwai ɗan gwangwani ko gindin robar ruwa da aka yanke aka rataye da ƙusa, kullum da yamma matar gida za ta zuba 'yar shinkafa cokali ɗaya ko biyu, ko ta jefa kwandala ta rupiya 500, shi ake kira jimpitan. Mai sintiri dole ya taka har bakin ƙofar ya juye gwangwanin a jaka, wani ya yi alama a littafi. Ku dubi hikimar da ke ciki dan Allah. Ba yadda za a yi a ce an yi sintiri alhali ana zaune a rumfa, don da safe duk gidan da aka tarar da shinkafarsa tana nan an san ba a je ba. Sannan gidan da aka tarar gwangwaninsa wayam kwana biyu a jere, sai an ƙwanƙwasa an ji lafiya, ko tsohuwar ciki ce ta kwanta ciwo. Abin da aka tara kuma da shi ake sayen ƙwan fitilar titi da kujeru da tantin da ake ara wa gidan biki ko gidan rasuwa, a taimaka wa wanda aka kwantar a asibiti, kuma a taron wata-wata ana karanta lissafin a gaban kowa har kwandalar ƙarshe.

A rumfar akwai kentongan, gungumen ice ko gora da aka rarake aka tsaga masa baki, ana buga shi da sanda. Bugun ɓarawo daban, na gobara daban, na satar dabba daban, na cewa lafiya lau daban, yaro ƙarami ma ya san bambancinsu. Yanzu kowace unguwa tana da guruf ɗinta a WhatsApp amma ba su jefar da icen nan ba, kuma ina ganin sun yi daidai, ranar da wuta ta ɗauke ko sabis ya ɓace shi ba ya buƙatar caji.

Sau ɗaya na ji an buga shi da gaske, wajen ƙarfe biyu na dare, an ga wasu suna tura mashin daga barandar wani gida. Kafin in gama sa riga titi ya cika da maza, an tare duk hanyoyin fita uku, ɓarayin suka yar da mashin ɗin a bakin magudanar ruwa suka faɗa gonar rake. Na ji daɗi da aka samu mashin, amma abin da na gani a idon wasu samari a daren nan ya sa na gode Allah da ba a kama su ba, domin duka har lahira ga ɓarawo abu ne da ke faruwa a ƙauyukan Jawa, kuma ba zan ɓoye muku ba. Unguwar da ta san kowa ta iya kare mutum kuma ta iya cinye shi. A 1998 a Banyuwangi, can gabashin tsibirin, an kashe mutum sama da ɗari bisa zargin tsafi, sau da yawa da hannun mutanen garinsu. Kisan waɗanda aka zarga da kwaminisanci na 1965 da 1966 kuwa da ya ci aƙalla mutum dubu ɗari biyar a ƙasar, mafi yawansa a ƙauyuka aka yi shi, har yau tsofaffi suna rage murya in zancen ya taso.

Kuma ko a zaman lafiya akwai abin da za ka biya. Ba ka da sirri. Kowa ya san ƙarfe nawa ka shigo, wa ya zo wajenka, me ka sayo. Ranar Lahadi in an ce aikin gayya ne, gotong royong suke ce masa, za ka fito da fartanya ku yashe kwata ko ku gyara hanya. Maƙwabci zai ɗora rufin gida, za ka je ka miƙa tayil ɗin rufi ba ko sisi sai abinci. In biki ne mata za su kwana uku suna girki a gidan, in rasuwa ce kafin gari ya waye an kafa tanti an haƙa kabari, sannan a yi ta tahlili har bakwai, a dawo arba'in, a dawo kwana ɗari, har kwana dubu. Adashinsu ma da suke kira arisan ba kuɗin ne kawai ba, fuskarka ake son gani. Wanda yake ƙin fita ba wanda zai zage shi, Bajawe ba ya ɗaga murya, zai gaishe ka da murmushi da harshen girmamawa, amma ranar da taka ta taso za ka ga kujeru ba kowa. Mbah ta taɓa nuna min wani katafaren gida mai doguwar katanga da wani ɗan birni ya gina a ƙarshen ƙauyen, ta ce shi kuɗi yake aikowa a madadin ronda, ba ta ƙara komai ba ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Na san wasu za su ce to mu kwaikwaya mana a gida. Ni ba zan yaudari kowa ba, gungumen ice da tocila ba za su tare mutum ɗari a kan babura da manyan bindigogi ba, abin da ke damun Zamfara da Katsina wani abu ne daban, kuma gayya da adashi da mai unguwa mun san su tun kafin mu ji sunan Jawa. Abin da ya tsaya min a rai kawai shi ne lissafin nan da ake karantawa a fili, da yadda mai kuɗi da talaka suke zama a tabarma ɗaya a darensu.

Yanzu maganar fili. Jawa ba ta kai faɗin jihohin Borno da Neja a haɗe ba, amma mutum sama da miliyan 150 ne a kanta, fiye da rabin al'ummar Indonesiya. Mafi yawan manoma gonarsu ba ta kai rabin hekta ba, wani abin da yake nomawa bai fi filin gida biyu ba, a raba gado a sake rabawa har ta koma 'yar fala. Da yawa ma ba su da ita, noman raba-daidai suke yi da mai gona. Abin da ke cetonsu ƙasar ce mai ƙarfi saboda tokar dutse da ruwan da ba ya yankewa, inda ban-ruwa ya kai ana girbi sau biyu har sau uku a shekara. Tsabar darajar ƙasa ce ta sa a da can dagaci da ma'aikatansa da gona ake biyansu, ana ce mata bengkok, ka ci amfaninta muddin kana kan kujera, ka sauka ka bar wa na baya. 'Ya'yan Mbah uku duk sun fita, biyu a Jakarta ɗaya tana aikatau a ƙasar waje, sai da ƙaramar sallah suke dawowa, kuma haka gidaje da yawa suke.

Kai kuma baƙo, dokar ƙasa ta 1960 ta faɗa ƙarara, cikakkiyar mallaka wadda suke kira Hak Milik ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Kai haya ce taka, ko izinin amfani na wasu shekaru in kana da takardar zama kuma ka cika sharuɗɗa. Masu cewa ka saya da sunan wani ɗan ƙasa ku rubuta yarjejeniya a gefe, dan Allah ku guje su, doka ba ta san wannan takardar ba, in rigima ta tashi filin zai iya komawa hannun gwamnati kuɗinka kuma sun tafi. Wasu filayen ma har yanzu shaidarsu tana cikin tsohon littafin ofishin ƙauye ne kawai, magada goma kowa da bakinsa. Ni gaskiya ina goyon bayan dokar nan ɗari bisa ɗari, domin ko da ita ma na ga yadda gonakin shinkafa suke komawa wuraren shan kofi da masaukin baƙi a hanyar Kaliurang da ke hawa gindin Merapi, manomi ya karɓi kuɗi ya sayi mota da mashin, bayan shekara uku ɗansa yana gadin fakin a kan gonar kakansa. Kuma mutanen nan ba sa wasa da ƙasa. A Afrilun 2016 mata tara daga tsaunukan Kendeng suka zuba ƙafafunsu cikin siminti a gaban fadar shugaban ƙasa a Jakarta don ƙin masana'antar siminti da suke tsoron za ta kashe musu idanun ruwa. A Fabrairun 2022 a ƙauyen Wadas na Purworejo an kama mutum sama da 60 saboda sun ƙi a fasa dutsen ƙauyensu a gina dam.

Shi kansa dutsen da ya ƙawata hoton, shi ne babban abin tsoro, ya fi ɓarawo nesa ba kusa ba. Merapi ya yi aman wuta a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamban 2010, ya kashe mutum sama da 350, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Cikin waɗanda suka rasu har da Mbah Maridjan, dattijon da fadar Sarkin Yogyakarta ta ɗora wa kula da dutsen, wanda ya ƙi barin ƙauyensa Kinahrejo. Shekara huɗu kafin nan, ranar 27 ga Mayun 2006, girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 5,700, akasari a Bantul kudu da birnin. Shi ya sa a ƙauyenmu ake ajiye mashin fuskarsa na kallon hanya, takardu suna cikin jaka ɗaya a kusa da ƙofa, kuma ko'ina akwai allon da ke nuna hanyar gudu. Gwamnati ta gina wa mutane gidaje a ƙasa bayan 2010, wasu ƙauyukan suka ƙi sauka, na tambayi wani dattijo a rumfar ronda dalili, ya ce shanunsa ciyawar sama suke ci, a gidan gwamnati ina zai ɗaure su.

Wuraren gani kam akwai su, Borobudur da Prambanan da aka gina tun wajen ƙarni na 9 duk tafiyar awa ɗaya ko biyu ce, akwai ƙauyen Nglanggeran a Gunungkidul da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin fitattun ƙauyuka a 2021. Amma ni wanda ya fi taɓa ni wani ƙonannen gida ne a Cangkringan, gindin Merapi, da aka bar shi yadda wutar dutsen ta 2010 ta bar shi, kwalabe sun narke, ga ƙasusuwan shanu, ga agogon bango ya tsaya jim kaɗan bayan sha biyun dare, daren 5 ga Nuwamba.

Don haka mai son zuwa ya zo, ya kama haya, ya kai kansa wajen Pak RT tun ranar farko, ya koyi cewa kulo nuwun, wato sallamarsu, kafin ya taka barandar mutane, ya karɓi darensa na ronda. Ni daren Laraba ne nawa. Ranar da zan taho na bar wa Mbah kwandaloli cike da kofi na ce ta riƙa jefa min a gwangwanin ƙofar ɗakina har su ƙare, watan jiya jikanta ya turo min hoton littafin jimpitan, sunana yana nan a layi na goma sha bakwai ba a goge ba.