Likitan da ya kwana a tsaye

Damunar bana maciji ya sari kawuna da magariba, yana dawowa daga gonar gero. Kafin mu samu mota mu isa babban asibitin yankinmu a nan Jigawa, sha biyun dare ta gota. Likita ɗaya tal muka tarar a emajansi, matashi, idonsa jawur. Ina tsaye ya rubuta magani, ya soke, ya sake rubutawa. Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya. Nas ɗin da ke dutin dare ce ta ja ni gefe ta ce, "Malam, yi haƙuri. Tun takwas na safe yake nan, kuma gari na wayewa shi zai zagaya ɗakin mata."

Jama'a, mu da muke zagin likitoci a nan Facebook, mun taɓa tambayar awa nawa mutum ya yi bai runtsa ba?

Ma'aikatan jinya suna da dutin safe, na rana, da na dare, wani ya karɓi wani. Shi kuwa likita idan kol, wato zaman ko-ta-kwana a asibiti, ya faɗo kansa, zai yini a aiki, ya kwana a aiki, ya ɗora da aikin washegari. Mai naƙuda nasa ne, wanda ya faɗi a babur nasa ne, yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga shi ma nasa ne. Wa zai yarda ya hau motar direban da ya yi awa talatin bai kwanta ba? Amma hannun irin wannan muke miƙa wa cikin matanmu ya yi tiyata.

Wasu ƙasashen sai da rai ya salwanta suka farga. A 1984 wata budurwa, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin New York a hannun matasan likitoci da aiki ya yi wa yawa. Shari'arta ce ta tayar da maganar, daga 2003 kuma Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako. A Tarayyar Turai ma'aunin awa 48 ne a mako, da hutun awa 11 a jere kowace rana.

Na san likitocinmu ba su da yawa, ƙauye kuma ba kowa ke son zama ba idan babu gida, babu wuta. To a gyara gidajen. Wanda ya kwana a kol a sallame shi da safe ya je ya yi barci. A riƙa tsara jadawalin da sanin ranakun kasuwa da watannin damuna, don mu nan mun san lokacin da majinyata ke kwararowa. Ku tuna tankar man da ta fashe a Majiya a Oktoban 2024, aka yi ta kwasar mutane zuwa Ringim da Haɗeja cikin dare. Irin wannan daren likitan da ya huta yake buƙata.

Kawu ya samu sauƙi, alhamdulillahi. Bayan sallar asuba na hangi likitan nan a bakin famfo yana watsa ruwa a fuska. Ya gyara rigarsa, ya nufi ɗakin mata.