Jirgin ƙasa ya zauna a bakinmu, amma ya fita daga ranmu

Kwanakin baya na tambayi wani yaro ɗan sakandare me ya sa ake kiran unguwarsu Layin Dogo. Ya ce wai don layin yana da tsawo. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin jirgi ya bi ta kan ƙarafunan nan biyu da ke bayan gidansu ba. Iyakar saninsa, nan ne mata ke shanya barkono, 'yan gwanjo su baza kaya, awaki su kwanta in rana ta take.

Amma da za a tsaya a saurari bakin yaron nan, jirgin ƙasa na nan a ciki. Duk lokacin da ya ce zai je tasha, kalmar da ta shigo tare da dogo ya faɗa, ko da kuwa mota zai hau. Haka tikiti, haka tarago, haka reluwe. Shi kansa "jirgi" a da abin hawa ne na kan ruwa. Da Bahaushe ya ga wannan baƙon abu mai tafiya a tudu yana fitar da hayaƙi, sai ya raɗa masa suna daga abin da ya riga ya sani. Kalmomin sun zauna daram, labarin da ya kawo su ne ya ɓace mana, kuma wannan ɓatan yana damuna ƙwarai.

A 1911 jirgi ya fara isowa Kano, a kan layin da aka shimfiɗo daga Baro a bakin kogin Kwara. Ba injina suka yi aikin ba, mutane ne: talakawan da aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai, suna sara da diga, suna ɗaukar ƙasa a ka. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya ga abin da idonsa, har ya tsara Waƙar Diga a kansa. A lura da wannan: tun jirgin bai gama zama ba ya riga ya shiga waƙa, domin mutanen wancan zamani sun gane cewa duniyarsu ce ake sauyawa.

Kuma ta sauya ɗin. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, manomi ya duba farashi ya zaɓi gyaɗa, daga 1912 kasuwarta ta buɗe. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, aka samu attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa ce ta mayar da ita gari. Sabon Garin Kano da na Zariya da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi suka cika. Ko siyasar neman 'yanci ba ta tsira ba: babban yajin aikin 1945, wanda ya girgiza gwamnatin mulkin mallaka, ma'aikatan jirgin ƙasa ne ƙashin bayansa, shugaban ƙungiyarsu Michael Imoudu na kan gaba. Yara nawa ne a ajinmu na yau suka taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan?

Ni na riski ƙarshen abin. Ina tuna yadda muke ɗora ƙusa a kan dogo mu koma gefe, jirgi ya wuce, mu ɗauke ta ta zama faffaɗa, da zafinta, mu ce mun yi wuƙa. Ina tuna kakata ba ta da agogo. In jirgin yamma ya yi kuka sai ta ce a hura wuta. A tasha kuwa, kafin jirgi ya gama tsayawa 'yan talla sun kewaye tagogi da dafaffen ƙwai da rake da fura, ciniki na minti biyar, canji ana miƙa shi jirgi na tafiya. Kowa yana da nasa labarin jirgi, kamar yadda kowa ke da labarin kasuwar garinsu.

Yau fa? Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, jirgi ya dawo cikin hirarmu, amma ta ƙofar tsoro ya dawo. Mutane sun rungume shi ne don gudun masu garkuwa a kan hanyar mota. Sai kuma harin 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane, aka sace fiye da 60, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a watan Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga nan, in ka ji jirgin ƙasa a labarai, gabanka ne ke faɗuwa: ko ya sauka daga kan layi, ko an kama masu satar ƙarfe, ko maganar bashi.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san tashar jirginsu kamar tamu: nan ake rabuwa, nan ake haɗuwa, nan uwa ke jiran ɗanta. Ɗan Indiya yana ganin jirginsa a fim tun yana goye, shi ya sa yake ɗaukarsa nasa. Ingila ta ware wa jirginta gidan tarihi guda a birnin York tun 1975. Mu kuwa masu shirya finafinanmu da mawaƙanmu da marubutanmu sun fi juyawa ga falo da mota, alhali ga tafiyar Kano zuwa Ikko, kwana da kwanaki, Bahaushe da Bayarabe da Banufe a tarago ɗaya suna cin abincin juna.

Na san za a ce ai ba waƙa ce ke tuƙa jirgi ba; a gyara shi tukuna, waƙa za ta zo da kanta. Akwai gaskiya a ciki, ba wanda zai yi wa abin da ba ya gani kirari. Sai dai abin da jama'a ba su ɗauka nasu ba, ba sa tsaronsa. Mutumin da ya san kakansa ya yi aikin diga a kan layin nan ba zai zuba ido a kwance ƙusoshinsa a kai wa 'yan gwangwan ba. Kuma wanda ya san abin da dogo ya yi wa Nguru zai tambayi ɗan majalisarsa ina aka kwana. Tun 2023 tsarin mulki ya ba jihohi damar shimfiɗa nasu layin. Gwamna nawa aka tsare da wannan tambaya lokacin yaƙin neman zaɓe?

Ga layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, kilomita 284, zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tsohuwar hanyar fatake. Wannan namu ne gaba da baya, ya kamata a ce ana yi wa yaran garuruwan nan bayaninsa a aji tun kafin ya iso.

Abin da ya fi gaggawa kuwa ba ya buƙatar biliyoyi. A Ebute Metta da ke Ikko an gyara tsohon gidan Jaekel na zamanin Turawa an mai da shi ɗan gidan tarihin reluwe. Tsofaffin tashoshin Zariya da Kafanchan ba su gaza shi tarihi ba. Sannan akwai tsofaffin direbobi da masu zuba gawayi da masu sigina, suna zaune a ƙofar gidajensu a Zariya da Minna da Gusau, shekaru sun ja. Gidajen rediyonmu su aika musu da mai naɗar murya a wannan shekarar, tun suna iya faɗin sunayen tashoshin ɗaya bayan ɗaya.