Ranar Cin Daɗi: Abin da Na Gani a Landan da Abin da Na Baro a Kaduna

Ƙanwata ta turo min saƙon murya daga Unguwar Rimi wata Lahadi da daddare, murya kamar za ta fashe da kuka. Wata biyu ke nan tana rubuta duk abin da ta kai bakinta a wata manhaja ta waya, har ta sauke kilo uku, sai ga bikin aminiyarta. Kamu ranar Alhamis, walima Juma'a, Asabar ɗaurin aure da kai amarya. Da gari ya waye Lahadi ta hau sikeli, ta tarar kilo biyu sun dawo. "Yaya, na ɓata komai. Gara in haƙura kawai, tunda jikin nan nawa ba ya ji."

Na ce ta tura sikelin ƙarƙashin gado, kada ta sake taka shi sai Juma'a. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kusan 7,700. Kafin kitse kilo biyu ya taru cikin kwana uku, sai mutum ya ci ƙarin kalori 5,000 kullum a kan abin da jikinsa yake ƙonawa, kuma na san cin ƙanwata bai kai nan ba ko da bikin 'yar sarki ne. Yawancin abin da ta gani ruwa ne. In aka ci shinkafa da waina da yawa, jiki yana ajiye wani ɓangare a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Ga gishiri da magi na abincin biki, su ma ruwa suke tarewa. Ga abincin kansa da bai gama ratsa ciki ba.

Shekarata bakwai a Landan. Na fara lissafin kalori ne bayan likita ya ce sugan jinina ya kusa ƙetare iyaka, ga shi ciwon ya riga ya kama mahaifiyarmu. A nan lissafi ba wuya. Burodi, madara, ko 'yar ƙaramar ledar gyaɗa, lamba tana jikinta. Tun watan Afrilun 2022 ma doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci a Ingila, masu ma'aikata 250 zuwa sama, su rubuta kalorin kowane abinci a takardar zaɓi, tare da tunatarwa cewa baligi yana buƙatar kusan 2,000 a yini. To a cikin wannan tsari ne na tarar da wata al'ada: mutum ya ɗaure cikinsa kwana shida, rana ta bakwai ya sake shi gaba ɗaya. Sunan da suka ba ranar, in aka mayar da shi Hausa, ranar ha'inci ce.

Wannan suna shi ne farkon abin da ban yarda da shi ba. Ha'inci ai sai da wanda aka ha'inta. Wa ake cuta in an ci abinci halal da kuɗin halal? Akwai wata abokiyar aikina, mace mai kirki ƙwarai, da nake zama kusa da ita lokacin hutun rana. Talata zuwa Juma'a ganye ne a 'yar robarta da yankan kaza guda, tana ci tana duban agogo. Tun Laraba take lissafa min abin da za ta saya ranar Asabar. Ranar Litinin kuwa sai ta shigo fuska a kumbure, ba ta kawo komai ba sai baƙin shayi, ta ce jiya da shekaranjiya ta yi laifi. Ita kaɗai ta ci, a ɗakinta, gaban talabijin, ba wanda ya taya ta, ba wanda ya ce mata sannu. Ina jin tausayinta har cikin raina, domin shekara biyu muna tare nauyinta yana nan inda yake, wahalar ce kawai take ƙaruwa.

Lissafin ma ba ya goyon bayanta. A ce jikin mace yana ƙona kalori 2,000 a yini, ta riƙa cin 1,500 na kwana shida. Ta tara giɓin 3,000. Ranar Asabar ta ci 4,500, wanda ba abin mamaki ba ne in aka fara tun karin kumallo har tsakar dare da soye-soye da kayan zaƙi. Ta cinye 2,500 daga abin da ta tara. Saura 500, ko giram 100 na kitse bai kai ba. Da a ce cin daɗin zama ɗaya ne, ƙarin 700 ko 800, da fiye da kashi biyu cikin uku na wahalar makon yana nan.

Peter Herman da Janet Polivy na Jami'ar Toronto a Kanada sun daɗe suna nazarin wannan hali, tun cikin shekarun 1970. Abin da irin gwaje-gwajen nan suka nuna shi ne, mai takura wa kansa in aka sa ya sha wani abu mai zaƙi da kauri, ya ji cewa dokarsa ta riga ta karye, sai ya fi cin askirim bayan nan. Wanda ba ya takurar kuwa, da ya ji ya ƙoshi sai ya rage. Wato tunanin "tunda an riga an ɓata, bari a ƙarasa" shi ne yake yin ɓarnar da ta fi ta lomar farko. Shi ne kuma na ji a muryar ƙanwata.

Masu kare ranar sakin ciki sukan kawo wani bincike na Jami'ar Tasmaniya a Ostireliya da ya fito a 2017, inda mazan da suka riƙa rage ci mako biyu su huta mako biyu suka fi sauke nauyi a kan waɗanda suka rage ba hutu. Gaskiya ne. Sai dai a makonnin hutun, daidai buƙatar jikinsu aka auna musu, ba a buɗe musu tukunya ba.

Mu kuwa a gida muna da ranakun ci, kuma ba wanda ya taɓa kiran su ha'inci. Ranar Ƙaramar Sallah da ta Babba azumi ma haramun ne. Kwanaki ukun da ke bin ranar layya, hadisi ya kira su kwanakin ci da sha da ambaton Allah. Ina tuna tsakar gidanmu ranar suya: Gwaggo zaune kan kujera 'yar tsuguno gaban katon kasko, hayaƙin itace yana sa ta hawaye, tana tsamo nama da matsami tana juyewa a kwando, yara sun kewaye ta kowa da ɗan murfin kwano. Kafin mu ci namu an riga an ɗora mana tire a kai, wannan na maƙwabta, wannan na gidan Malam, wannan a kai Tudun Wada wurin Inna. Cin yana da dalili, yana da mutane, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ba wanda yake tashi washegari yana jin ya yi zunubi. A nan mun fi Turawa dacewa nesa ba kusa ba, kuma abin da nake so ƙanwata ta riƙe ke nan.

Amma kada in yi wa Kaduna ƙarya don ina kewarta. Matsalarmu ita ce ranakun sun daina zama jefi-jefi. Wannan Asabar biki a Malali, Lahadi suna a Kawo, mako mai zuwa walimar sauka a Badarawa, kuma ko'ina ba a barin mutum ya tafi hannu rabbana, sai an haɗo shi da roba cike da shinkafa da nama da lemo biyu. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wanda ya ce kowane taro ranar hutunsa ce, zai wayi gari rabin watansa hutu ne.

Ga shi abincinmu ba lamba a jikinsa. Tsaya wurin mai waina da safe ka kalli hannunta: kowane gurbi na tanda sai ta ɗiga masa mai kafin ta zuba ƙullu, in ta juya ta sake ɗigawa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori kusan 120 ne, domin giram ɗaya na mai yana ba da 9, na sitacin da ke cikin shinkafa ko sinadarin gina jiki da ke cikin tsokar nama kuwa 4 ne. Tsire ma haka, ƙuli-ƙuli ne a jikinsa, ana kuma shafa masa mai a bakin wuta. Kwalbar lemo ta rabin lita ta kai 200, kuma ba ta tare yunwa ko kaɗan. Zoɓo da kunun aya, ya danganta da nauyin hannun wadda ta zuba sukari. Sannan ga abin da ya fi duka wuya, wato ƙauna. Zuwana na ƙarshe, Gwaggo ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "'Yar nan, ko ba kya jin daɗin zaman can ne? Dubi wuyanki." Ta ƙara min malmalar tuwo ba ta tambaye ni ba. Na cinye rabinta, na ce, "Gwaggo, likita ne ya ce in kula saboda ciwon Umma." Daga nan ba ta sake matsa min ba, ita da kanta ta riƙa ce wa yara su kawo min ruwa maimakon lemo.

Don haka ra'ayina, cin daɗi lokaci-lokaci yana zama da lissafin kalori lafiya lau, har ma ina ganin lissafin da bai bar masa gurbi ba ba zai yi ƙarko a hannun Bahaushe ba. Ba ni da ranar da na ware a mako. Ina zaɓar taron da yake da muhimmanci a wurina, in ci abin da na daɗe ina marmari a zama ɗaya, in ci shi a cikin mutane, in kuma rubuta shi ko da da kintace ne. Rubutun nan yana hana ni jin cewa na fita daga hanya, domin ranar tana cikin littafin kamar sauran. Washegari kuma karin kumallona na kullum nake yi. Ba na kwana da yunwa don in biya bashi, ba na kuma ɗaukar azumin Litinin da niyyar hora cikina, wannan ibada ce, tana da tata niyyar. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura, da wanda ya san in ya fara ci ba ya iya tsayawa, su nasu daban ne, sai sun zauna da likita kafin su ɗauki maganata.

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙanwata ta turo hoton sikeli. Daga kilo biyun nan saura abin da bai kai rabin kilo ba. A ƙarƙashin hoton ta rubuta cewa akwai suna gobe a Unguwar Dosa, gidan 'yar Kawu, ba yadda za a yi ta ƙi zuwa. Za ta ci waina uku da miyar taushe, ta bar lemon, robar da za a ba ta kuma ta miƙa wa almajiran ƙofar gida.