Ku daina jefa "wa zai taimaka?" a grup

Ƴan'uwa shugabannin zumuntar ɗalibai, musamman ku da kuka karɓa a hannunmu, dan Allah ku saurare ni. Duk sanda ake neman mai jan nazarin Littafi Mai Tsarki ko mai riƙe mawaƙa sai kawai a jefa saƙo a WhatsApp wai "wa Ubangiji ya taɓa zuciyarsa?" kowa ya karanta ya yi gum, bayan kwana uku ku dawo kuna ƙorafi wai yaran yanzu basa son aikin Allah. Toh wa kuka kira da sunansa a cikinsu?

Ni ma haka na yi shekara biyu a Khartoum. Mu ƴan tsiraru ne, yawanci ƴan Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da karatu ya kawo mu, kuma kun san a Sudan Lahadi ranar lakca ce, hutu Juma'a da Asabar, sabida haka ran Juma'a muke haɗuwa a ɗakin wani. Ni ke buɗe addu'a, ni ke nazari, ni ke tara baiko, ni ke biyan kuɗin mota na masu zuwa daga Omdurman, ina ta jin kaina wai ina wahala domin Kristi, ashe tsoro nake kar wani ya ɓata mun tsari.

Ku duba Ayyukan Manzanni 11:25-26, Barnaba tashi yayi takanas ya je Tarsus neman Shawulu, ya kawo shi Antakiya suka yi shekara guda cur suna koyarwa tare. Wannan ayar ce ta kunyata ni.

Akwai wani ɗan aji ɗaya, shiru-shiru, na ja shi wajen mai shayi a bakin Nilu muka zauna kan ƴan kujerun nan, na ce masa ƙanena na lura kai ke fara zuwa ka shimfiɗa tabarma, kuma kai kaɗai ke tambayar wanda bai zo ba, ina so ka ja mana nazari. Yace "Yaya ni fa ban iya magana ba." Nace minti 15 ne kawai, misalin mai shuka a Markus sura 4, ran Laraba mu shirya tare. Ku riƙa faɗa wa mutum girman kayan kafin ku ɗora masa, kar ku ce "ɗan taimako ne" alhali semesta guda kuke nufi.

Ranar farko takarda na rawa a hannunsa, minti shida ya gama, ya tsallake ƙasa mai ƙaya gaba ɗaya, bakina har ƙaiƙayi yake in karɓe amma na danne. Sai da muka zauna cin ful (dafaffen wake irin na Sudan) da burodi na tambaye shi yaya ya gani, shi da kansa ya faɗi inda ya kuskure, nawa kawai in nuna masa inda yayi daidai. Gyara a gaban jama'a shi ke korar su. Kuma lokacin jarabawa ku sake su, ba albashi kuke biyansu ba, iyayensu digiri suka turo su nema.

Ran Asabar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke muka watse, wasu Port Sudan wasu iyakar Masar, wayata ba caji ni kaina a rikice nake. Yaron nan ne a motarmu yake bi kujera kujera yana ƙirga mu da suna, ya raba ruwan da ya rage, sannan yace Yaya ka huta ni zan ja addu'a.