Sailor Moon: Tsakanin Masu Karatu da Masu Kallo

Na daɗe ina sauraren gardamar da masoya Sailor Moon suke yi, kuma kusan kullum a wuri ɗaya take tsayawa. Wanda ya karanta littafin zanen da Naoko Takeuchi ta rubuta, wato abin da Japanawa suke kira manga, zai ce shi ne ya san labarin na asali, sauran duk ƙari ne da kamfani ya cusa domin ya cika lokacin talabijin. Wanda kuwa ya tashi da kallon fim ɗin zanen da kamfanin Toei ya yi, sai ya ce littafin gudu yake yi kamar ana korarsa. Ni da kallo na fara, karatu ya biyo baya da shekaru, kuma bayan na zauna da su biyun ra'ayina ya karkata ga fim ɗin, ko da yake akwai inda dole in sara wa masu littafi.

Abin da masu gardamar suke yawan mantawa shi ne, ba a gama littafin ba sannan aka ɗauko shi aka mayar fim. Tare suka tashi. Labarin ya fara fitowa a mujallar Nakayoshi a ƙarshen 1991, fim ɗin ya fara a watan Maris na 1992, dukansu kuma suka ƙare a 1997. Mujallar wata-wata take fita, talabijin kuwa mako-mako yake neman sabon kashi, saboda haka babi ɗaya na marubuciya dole ya ciyar da makonni huɗu na masu fim. Daga nan aka samu kashi 200 a zango biyar, daga labarin da bai wuce littafi 18 ba a bugunsa na farko. Har akwai lokacin da suka cim mata gaba ɗaya, suka ƙirƙiro nasu labarin na wasu baƙi biyu, Ail da An, da bishiyar da take rayar da su, kashi 13 cur a farkon zango na biyu, don kawai su ba ta damar yin nisa.

Masu littafi suna kiran irin wannan ciko, kuma da raini suke faɗin kalmar. Ni kuwa a cikin cikon nan na san 'yan matan. A littafi, Usagi, tauraruwar labarin da take rikiɗa ta zama Sailor Moon mai yaƙar mugaye da sihiri, ta haɗu da kyanwarta Luna a babi na ɗaya, Ami ta shigo a na biyu, Rei a na uku, Makoto a na biyar. Kafin ka gama riƙe sunan wannan an miƙo maka wata. A fim sai kashi na 8 Ami ta bayyana, Makoto sai na 25, Minako kuwa sai na 33. A tsakanin waɗannan makonni ne ake ganinsu suna faɗuwa jarrabawa, suna rigima a kan abinci, suna taruwa a ɗakin Rei da sunan karatu amma hira ce ake yi. Shi ya sa a kashi na 45, da ƙawayen huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙanƙara domin Usagi ta samu hanyar wucewa, mai kallo yake jin kamar an yi masa rasuwa a gida. Wanda ba ka ci tuwo da shi ba, kukan mutuwarsa ba ya zuwa da sauƙi.

Babbar hujjata ita ce Nephrite. Takeuchi ta karanci haɗa magunguna, kuma sunayen duwatsu masu daraja ta raɗa wa mugayen farko: Jadeite, Nephrite, Zoisite, Kunzite, da sarauniyarsu Beryl. A littafi Nephrite bai yi wani tasiri ba. Makoto ta sauke masa tsawa a babin da ta fara fitowa, shi ke nan. A fim kuwa an ba shi wata yarinya, Naru, ƙawar Usagi ta makaranta wadda ba ta da sihiri ko kaɗan, ta kamu da sonsa alhali shi yaudararta yake yi. A kashi na 24, bayan ya ceto ta daga hannun 'yan'uwansa mugaye, suna zaune a gindin bishiya cikin dare, ta yage gefen rigar barcinta ta ɗaure masa rauni a hannu. Ta ce tana so wata rana su je su sha wani kayan zaƙi na cakulan tare, sannan ta tambaye shi ko a can wurinsu na mugaye ana ba da hutun ranar Lahadi. Ya fashe da dariya, dariyar da ba a taɓa jin ya yi ba. Ba a jima ba aka soke shi da ƙayoyi, ita kuma ta kama su da hannunta tana ja tana kuka, suna ƙona ta ba ta saki ba. Babu layi ɗaya na wannan a littafin. Idan wannan ne ciko, to a ƙara mini.

Amma gaskiya ɗaya ce, masu littafi suna da abin faɗa, kuma a kan Rei ba ni da amsar da zan ba su. Rei ta littafi yarinya ce mai kamun kai da ƙarancin magana, mai hidima a wurin bautar kakanta, wadda ba ta yarda da maza ba saboda yadda mahaifinta ɗan siyasa ya yi watsi da ita. Masu fim suka mayar da ita mai saurin fushi, mai tsokanar Usagi dare da rana, har tana bin Mamoru, masoyin Usagi, da soyayya. Ta ba da dariya, ba na musu, amma an zubar da mutum guda an ɗora wata a gurbinta. Haka ma Mamoru: a littafi ɗan sakandare ne, tazararsa da Usagi mai shekara 14 ba ta da yawa, a fim kuwa aka mayar da shi ɗan jami'a ba tare da wani dalili da na gani ba. Ga kuma zanen Takeuchi kansa, siraran layuka da gashi mai zuba kamar ruwa, wani lokaci kuma fuska tana narkewa har ƙashi ya bayyana, abin da talabijin na yara ba zai iya nunawa ba.

An ma gwada abin da masu littafi suka daɗe suna roƙo. A 2014 Toei ta fito da Sailor Moon Crystal, wanda ya bi littafin kusan babi da babi. Ina cikin waɗanda suka yi ɗoki, ina kuma cikin waɗanda jikinsu ya yi sanyi. Mutane sun fi surutu a kan zanen da ya karkace a wasu wurare da kuma wuraren da 'yan matan suke sauya kama zuwa jarumai, waɗanda aka yi da kwamfuta, amma waɗannan an gyara su daga baya, musamman a zango na uku. Abin da bai gyaru ba shi ne saurin. A takarda mai karatu ne yake riƙe da linzami, yana iya tsayawa a shafi ɗaya minti biyar yana kallon idon Usagi, ya cike da zuciyarsa abin da marubuciya ta tsallake. A allo babu wannan damar, hoto yana wucewa ko ka shirya ko ba ka shirya ba, sai ƙawayen huɗu suka koma kamar 'yan rakiyar amarya, suna tsaye a baya suna jiran a kira sunansu.

Duk wanda ya taɓa ganin an mayar da littafin Hausa da yake so fim mai dogon zango ya san wannan ciwon, domin mu ma nan mukan ce an ɓata mana labari da zarar an sauya tauraruwa ko an ƙara wata kishiya. Wani lokaci an ɓata ɗin da gaske, kamar yadda aka yi wa Rei. Amma idan ƙanwata ta tambaye ni ta ina za ta fara, fim ɗin 1992 zan kunna mata, in bar ta da dodannin mako-mako da duk shirmen da ke ciki har ta kai kashi na 24, littafin kuma in ajiye mata shi sai ta gama share hawaye.