Kowace burauza ita ce "mafi sauri": wa ke riƙe da mudun?

A watan Maris na 2022 kamfanin Google ya fito yana bugun ƙirji cewa burauzarsa Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta ci maki 300 a gwajin sauri na Speedometer, makin da ya ce babu burauzar da ta taɓa kaiwa, kuma ta fi Safari ta kamfanin Apple sauri da kashi 7 cikin 100 a kan kwamfutar da Apple ɗin da kansa ya ƙera. A daidai wannan lokaci Apple yana tallar Safari a matsayin burauzar da ta fi kowace sauri a duniya. Shekara biyu kafin nan, a 2020, ya ce tana buɗe shafukan da mutum ya saba ziyarta da saurin da ya ɗara na Chrome da kashi 50 cikin 100. In muka ƙara komawa baya zuwa Yulin 2015, Microsoft ne ke da bakin magana: wai burauzarsa Edge ta fi Chrome sauri da kashi 112 cikin 100 a gwajin SunSpider, da kashi 37 a JetStream, da kashi 11 a Octane.

Mai karatu zai ce to cikinsu dole wani ya shara ƙarya. Ni a ganina abin ya fi ƙarya wuyar kamawa. Kusan duk alƙaluman nan gaskiya ne, in ka maimaita gwajin yadda suka yi za ka samu abin da suka samu. Inda gizo ke saƙar shi ne kowane kamfani shi ya zaɓi gwajin, shi ya zaɓi na'urar, shi ya zaɓi ranar, sau da yawa ma shi ya rubuta gwajin tun farko. Mai hatsi ne ya zo kasuwa da mudunsa, ya auna a gabanka, mudu kuma ya cika har yana zuba. Ba za ka ce bai cika ba, amma wa ya duba gindin mudun?

Gwajin saurin burauza ba wani abin mamaki ba ne. Wasu 'yan ayyukan lissafi ne da aka rubuta da JavaScript, harshen da shafukan intanet ke amfani da shi wajen motsi da amsa taɓawar mutum. A ba burauza ta yi su, a duba daƙiƙa nawa ta ɗauka, a mai da shi maki. Matsalar ita ce tambayoyin a buɗe suke, injiniyan kowane kamfani yana iya karanta su layi-layi, ya zauna ya gyara injinsa, wato sashen burauzar da ke gudanar da lissafin, har ya dace da su.

Abin da ya faru a Nuwamban 2010 ya isa misali. Lokacin Microsoft na shirin fito da Internet Explorer 9, ya nuna cewa ta sha gaban kowa a SunSpider, gwajin da masu haɗa injin WebKit na Apple suka fitar a ƙarshen 2007. Sai wani injiniyan Mozilla, masu burauzar Firefox, mai suna Rob Sayre, ya lura da wani sashe guda na gwajin mai suna math-cordic. Internet Explorer tana gama shi cikin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, alhali sauran burauzoji suna ɗaukar ninkin haka sau da yawa. Ya ƙara ɗan layi ɗaya a cikin gwajin, layin da bai canza komai a lissafin ba. Nan take saurin ya ɓace, lokacin ya ninka fiye da sau goma.

Microsoft ya ce ba maguɗi ba ne. Ya yi bayanin cewa injinsa yana gane lissafin da ba za a yi amfani da sakamakonsa ba, sai ya tsallake shi, kuma wannan dabara ce da aka daɗe da sani a fannin. Gaskiya ne an san ta, kuma gaskiya ne wanda ya rubuta gwajin ya yi sakaci, ya sa a yi lissafi a zubar da amsar. Ba ni da hujjar cewa wani ya zauna ya rubuta wa injin "in ka ga SunSpider ka tsallake". Amma dabarar da ke aiki a kan siffar gwaji daidai wa daida, ta kuma rushe da zarar an taɓa layi ɗaya, ta faɗa mana inda injiniyoyin suka zuba ido lokacin da suke aikin. A kan gwajin ne, ba a kan shafukan da mutane ke buɗewa ba. Makin ya shiga talla, mai saye kuma ba a gaya masa cewa wani ɓangare na saurin daga ƙin yin aikin ya fito ba.

Kada a ɗauka Microsoft kaɗai ne. Shaida mafi ƙarfi daga bakin Google ta fito. A 2012 ya fitar da nasa gwajin, Octane, shekara biyar ana gasa a kansa, sai a Afrilun 2017 masu kula da injin V8 na Chrome suka sanar cewa sun yi masa ritaya. Dalilan da suka bayar sun cancanci a tsaya a kansu. Sun ce an kai matakin da gyaran da ke ƙara maki a Octane ba ya ƙara wa shafukan gaske komai, wani lokacin ma rage musu sauri yake. Sun kawo misalin wani kuskure da ke cikin sashen Box2D na gwajin, wanda in injin ya yi amfani da shi sai makin ya tashi da kusan kashi 15 cikin 100, ba tare da wani shafi a duniya ya amfana ba. Akwai kuma dabarar jinkirta karanta umarnin da ba a buƙata nan take, wadda ke sa shafuka irin su Facebook da Wikipedia su buɗe da wuri, amma Octane yana rage wa injin maki in ya yi ta. Wato injiniya na zaune da zaɓi biyu, ko ya kyautata wa mai amfani ya faɗi a gwaji, ko ya ci gwaji ya cuci mai amfani. Mun san wanda sashen talla zai so.

Yabo ya dace da Google a kan faɗin wannan gaskiya, sai dai ban manta cewa a shekarun da Chrome ke kan gaba a Octane ba a ji wannan wa'azi da ƙarfi ba. An ji shi ne bayan Microsoft ya shafe kusan shekara biyu yana tallar cewa ya doke Google a gwajin Google. Dalilan ritayar suna da inganci, lokacinta kuma ya yi wa mai ita daɗi.

Rigimar batir ta 2016 ta fi ban dariya. A watan Yuni Microsoft ya jera kwamfutocin Surface Book guda huɗu, kowace da burauzarta, aka kunna musu bidiyo har suka mutu. Ta Chrome ta yi awa 4 da minti 19, ta Edge ta yi awa 7 da minti 22. Cikin 'yan kwanaki kamfanin Opera ya yi nasa gwajin, ya kunna tsarin tattalin batir da mai toshe talla a burauzarsa, ya ce ita ce ta fi Edge da kashi 22 cikin 100. A watan Satumba Google ma ya fito da nasa bidiyon. Kamfani uku, gwaji uku, babu wanda ya sha kaye a gidansa. Mozilla kuwa da ta fito da Firefox Quantum a Nuwamban 2017 cewa ta yi ta ninka sauri. Ninkin wa? Ninkin tsohuwar Firefox ta 'yan watannin baya.

Ƙarshen Edge ɗin nan da aka ce ta fi Chrome da kashi 112 shi ne a Disambar 2018 Microsoft ya sanar zai ajiye injinsa ya koma kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai. Akwai dalilai da yawa, musamman yadda masu gina shafuka suka fi kula da Chrome, amma dai makin bai cece ta ba.

Ba ina cewa a watsar da gwaji ba. Gasar da ta ɓarke bayan fitowar Chrome a 2008 ita ta sa JavaScript ya yi saurin da yau ake buɗe taswira da wasiƙu da takardun ofis a cikin burauza, kuma da babu ma'auni da ba a san wa ke gaba ba. A Maris na 2024 an samu ci gaba na gaske: Apple da Google da Microsoft da Mozilla suka haɗu suka fitar da Speedometer 3, gwajin da ke kwaikwayon ayyukan da mutum ke yi, kamar rubutu a shafi da duba jadawali da karanta labarai. Ya fi a ce kowa da nasa. Duk da haka masu zana jarrabawar su ne suka tsara ta, tambayoyin kuma har yanzu suna gabansu.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi akwai ƙarin nisa tsakanin makin da abin da ke hannunsa. Maki 300 ɗin Google a kan MacBook mai tsadar gaske aka same shi. Wanda ke riƙe da itel ko Tecno mai ƙaramin ƙarfi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, abin da ke cinye masa lokaci shi ne jiran shafi ya sauko, da tallace-tallacen da ke lodi kafin labarin, da wayar da ke shaƙewa in an buɗe shafi uku. Speedometer ba ya auna saurin sabis, ba ya ƙirga datar da ta tafi. Shi ya sa Opera Mini ta yi farin jini a Najeriya ba tare da ta ci wata gasar sauri ba: tana fara kai shafin ga kwamfutocin kamfanin, a matse shi, sannan a turo wa waya. Ita ma tallarta cewa take tana rage cin data "har zuwa" kashi 90 cikin 100, kuma kalmomin "har zuwa" ɗin nan sun ɗauke wa kamfanin kowane alhaki, domin ko kashi 20 ka samu bai saɓa alkawari ba. Mai iPhone kuwa ya sani cewa in ba a ƙasashen da doka ta tilasta wa Apple sassautawa ba, kamar Tarayyar Turai tun 2024, Chrome da Firefox da Edge da ke wayarsa duk injin WebKit na Safari ne a cikinsu, don haka gardamar wacce ta fi sauri ba ta shafe shi sosai ba.

Masu rubuta labaran fasaha su ne ya kamata su fara gyarawa, domin ta hannunsu alƙaluman nan ke isa ga jama'a, sau da yawa an kwafo su kai tsaye daga sanarwar kamfani an maƙala a kanun labari. Duk makin da za a buga, a faɗi wanda ya rubuta gwajin, da na'urar da aka yi shi a kai, da burauzar da aka kwatanta da ita da shekarar fitowarta, da ko an kunna mai toshe talla. In kamfani bai bayar da waɗannan ba, a rubuta cewa bai bayar ba.