Sule biyar da jinin ɗaliban Samaru

Duk sanda tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka haɗu, hirar ba ta wuce masaukan ɗalibai na Ɗanfodiyo da Sulaiman da Amina, da wanda ya tare a laburaren Kashim Ibrahim lokacin jarrabawa. Ni ma ina jin daɗin wannan hira. Amma akwai wurin da muke tsallakewa, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A watan Afrilun 1978 gwamnatin Obasanjo ta ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini. Sule biyar kenan. Yaron yau zai ga kamar ba komai ba ne, amma ga ɗan manomin da aka sayar da akuya aka turo shi Zariya, kuɗi ne na gaske. Ɗalibai a faɗin ƙasar nan suka fito suna cewa sai an sauke Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. A Samaru, mazaunin jami'ar, sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayukan ɗalibai.

Bayan shekara takwas, a 1986, ɗalibai suka yi jerin gwano don tunawa da waɗancan mamatan. Hukumar jami'a, zamanin Farfesa Ango Abdullahi, ta ce sun kutsa masaukin mata, ta hukunta shugabanninsu. Rikici ya kaure. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo da harbi. Gwamnati ta amsa cewa mutum 4 ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Ku duba fa: tunawa da waɗanda aka kashe ita ce ta jawo aka sake kashe wasu!

Ban ce ɗalibai ba sa kuskure ba. Suna yi. Amma jami'ar da Sardauna ya kafa a 1962, inda irin su Dakta Bala Usman suka koya wa matasa yi wa mai mulki tambaya, ba wurin da za a amsa wa yaro da harsashi ba ne.

'Yan uwa da kuka ga 1978 ko 1986 da idonku, shekaru suna ja. Don Allah ku rubuta abin da kuka gani, ku faɗi sunayen abokanku da aka kai gida a makara. Akwai iyayen da suka turo ɗa neman digiri, gawarsa aka mayar musu. Allah Ya jiƙansu.